Azumin da Muhandis Ya Daina Cin Abinci

Azumin bana da sanyi ya zo mana. Ran uku ga wata har yayyafi aka yi a nan Nuzla, unguwarmu ta Jidda, na jawo kujera bakin ƙofa ina kallon masu sambusa suna rige-rigen rufe kaskonsu da kwali. Amma duk da wannan sauƙin, la'asar na yi sai ka ji jikokina sun baje ƙarƙashin na'urar sanyi suna nishi, "Ya Sitti, ta'abna," wai sun galabaita. Ni dai in dube su in yi dariya. Wanda bai yi azumin tsakiyar zafi a ɗakin langa-langa a Jidda ba, sunan ƙishirwa kawai ya sani.

Akwai wani azumi da ba na son tunawa, shi kuma ya ƙi barina. An yi shekara arba'in da 'yan kai, amma in ya faɗo mini a rai har yanzu gabana faɗuwa yake.

Aikin hajji ya kawo mu ni da Malam Sale, maigidana, daga wani ƙauye a ƙasar Gusau. Aka gama aiki, jirgi ya tashi, mu muka zauna. Ba iƙama ta izinin zama, ba kafili mai tsaya mana, ba mu da takarda ko ta ƙunshe gishiri. Muka sauka a Nuzla gidan Khala Zainabu, Bahaushiya haifaffiyar Jidda wadda kakanta ya zo da ƙafa, Hausarta rabi Larabci ce. A gidanta na haifi 'yata ta fari, wadda muke kira Baraka. Da Malam ya samu gadi a gidan wani Bature kusa da unguwar masana'antu ta Jidda, ya ce matarsa ta iya girki, aka ɗauke ni kuku. Muna kwana a ɗan ɗakin bakin ƙofa, Baraka kuwa tana hannun Khala, don kukan yaro shi ke tona asirin marar takarda. Mu je wajenta Alhamis da yamma, mu dawo Juma'a.

Baturen kowa Muhandis yake ce masa, wato injiniya, shi ke kula da ginin wasu manyan ɗakunan sanyi na ajiyar nama. Dogo ne, mai ci kamar gara, kuma bai taɓa tambayarmu takarda ba. Laifina na farko a gidan shi ne na kira shi Ingilishi. Ya ajiye cokali, ya je ya ɗauko taswira, ya nuna mini tsibiri biyu. Ashe ƙasarsu daban ce, Ailan. Kudancinta ya samu 'yancin kai, arewacinta na hannun Ingila, shi kuma daga arewar ya fito. Malam ya taɓa aiki da Turawan jirgin ƙasa a Kaduna, yana tsintar Turanci, shi ke mana tafinta. In ba ya kusa, ni da Muhandis mu yi ta gwama Larabcin kasuwa, hannu ya ƙarasa sauran.

A jikin firij akwai hoton wani saurayi mai gashi har kafaɗa. Ƙanensa ne, yana kurkuku saboda gwagwarmayar haɗe ƙasarsu wuri ɗaya. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, sai muka raɗa masa Faruku, Muhandis ya yi dariya ya karɓa. Su fursunonin sun ce su ba ɓarayi ba ne, ba za su sa kayan fursuna ba. Da aka ƙi sauraronsu suka shiga yajin cin abinci, ɗaya bayan ɗaya, ruwa da gishiri kawai. Wasu har sun riga sun mutu. Gab da shigar Sha'aban layi ya zo kan Faruku.

A cikin watan aka yi zaɓe a kudancin ƙasar, mutanensu suka tsayar da shi takara daga cikin kurkuku, a wata mazaɓa ta bakin iyaka. Abin ya ɗaure mini kai. Ni ban taɓa jefa ƙuri'a ba, amma na ga 'yan siyasa a gida, da kiɗa da ihu da rabon goro. Wannan kuwa ɗan takara ne da ko leƙowa ta taga ba zai yi ba. Tunaninsu shi ne in ya ci, watakila a ji nauyin barin ɗan majalisa ya mutu, ko da yake an riga an bar wani ya mutu da kujerarsa. Matar Muhandis ta kwashi yara ta tafi, ta riƙa bin ƙofa-ƙofa da hotonsa. Shi ma ya nemi bizar fita, kamfani ya ce sai gini ya kammala, fasfonsa kuma yana durowar kafili. Ran nan na san ashe Bature ma yana da mai riƙe masa wuya.

Ƙidayarsu kwana biyu ake yi. Muhandis ya zauna a kicin ɗina da rediyo da waya, ya zube mini wake a kan tebur yana nuna mini yadda suke nasu zaɓen: ba mutum ɗaya kake zaɓa ba, jera su kake, na ɗaya, na biyu, na uku. In an cire na ƙarshe sai a raba wakensa ga saura. Tulin Faruku ya yi ta girma, har na fara guɗa a zuci. Yammacin rana ta biyu waya ta yi ƙara. Ya saurara, ya ajiye, ya ɗebo 'yan waken da ba su cika tafin hannu ba ya nuna wa Malam.

"Da wannan ya faɗi, Sale," in ji shi. "Na san ƙauyukan nan gida-gida. Da ina can, cikin sati ɗaya zan samo su."

Na tattara wakena na wanke na dafa. A zatona magana ta ƙare.

Sai azumi ya kama. Zafin Jidda ba irin na gida ba ne da za ka shiga inuwa ka huta. Ruɗuba suke ce masa, wani danshi ne da ke tasowa daga teku ya zauna maka a jiki, ka yi wanka kafin ka ɗaura zani ka sake jiƙewa. Gishiri ya dunƙule a kwalba, ashana ta ƙi kamawa, bango ma gumi yake. Yinin ga tsawo kamar ba za a yi magariba ba. Da safe in share gida, in yi wanki in shanya, kayan su yini ba su bushe ba. Azahar in shimfiɗa jiƙaƙƙen zani a kan siminti in kwanta. La'asar in jiƙa tsamiya, in dama kunu da ɗan geron da nake samowa wajen matan ƙasarmu a Nuzla, in soya ƙosai. Malam ya je ya sayo ƙanƙara ya naɗo a buhu, yana sauri tana narkewa a kafaɗarsa. Sai mu zauna mu kasa kunne, don a lokacin igwa ake bugawa in rana ta faɗi.

Ran ɗaya ga wata Muhandis ya ce shi ma zai yi azumi. Muka yi ta murna, Malam har ya fara lissafin sunan da zai raɗa masa in ya musulunta. Igwa ta tashi, na jera masa dabino da kunu da ƙosai. Ya zuba ruwa a kofi, ya barbaɗa gishiri, ya shanye, ya ture farantin.

"Kulu, mafi akil," ya ce da ni. Ba abinci. "Sai ranar da Faruku ya ci."

Na ce a raina, yunwa za ta koya masa hankali kafin jibi. Mutumin da ke cinye kaza guda ya nemi ƙari? Jibi ta zo ta wuce. Kullum in girka, kullum Malam ya kwashe ya kai wa leburorin da ke buɗa-baki a bakin titi. Sati ya cika, wandonsa ya fara zamewa, ya huda wa bel ɗinsa sabon rami da ƙusa. Ran goma ga wata direban kamfani ya kawo shi da rana tsaka, ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Ya ce musu zafi ne, aka ba shi hutu. Ya hana a kira likita, ya kuma gargaɗe mu kada matarsa ta ji.

Daga nan tsoro ya shige ni. Mutum a wannan zafin ya kashe na'urar sanyi ya ce a ba shi bargo. Bakinsa ya riƙa wani wari kamar na ruɓaɓɓen mangwaro. In zai je banɗaki sai ya dafa bango. Kowace safiya in tsaya ƙofar ɗakinsa da tsintsiya a hannu, ba shara nake ba, numfashinsa nake saurare.

Alhamis ɗin nan muka je Nuzla, muka tarar kwana uku motar ruwa ba ta shigo unguwa ba. Mata sun jera garwa tun daga bakin titi, ana ta faɗa da baki busasshe. Baraka ta fito da ƙurajen zafi har fatar kai. A kan layin ruwan na raɗa wa Khala Zainabu abin da ake ciki. Ta saki garwarta ta dafa ƙirji.

"Ya binti, inti majnuna? Kin haukace ne? Nasara zai mutu a gida, kuma ke ce mai dafa masa abinci? In askar suka zo wa za su tambaya? Ke. Fen iƙama, ina takardarki? Mafi. To halas, sammu ne ko sihiri, ba na uku. Wallahi ba tarhil za a kai ku a mayar gida ba, takobi ne. Ku gudu, yalla, tun yau."

Na kai wa Malam maganar. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Mu gudu ina, Kulu? Direba ya san gidan Khala, shi ya taɓa kawo mu. In mun gudu ya mutu, mun sa hannu a kan laifin da ba mu yi ba. Kuma mutumin nan bai taɓa wulaƙanta mu ba."

Muka koma. A mota na riƙa kallon kowace motar askarawa kamar tamu ce ta zo.

Ran sha biyar, ina goge masa ɗaki, ya kira Malam ya yi mana tafinta. Ya ce a ƙasarsu a zamanin da, in mai ƙarfi ya zalunci talaka, talakan sai ya je ƙofar gidansa ya zauna ya ƙi ci ya ƙi sha. In ya mutu a nan, abin kunyar na maigidan ne har jikokinsa. Ya ce abin da su Faruku ke yi ke nan.

Haushi ya kama ni. Na ce, "Malam, tambaye shi, shi ƙofar wa yake zaune? Ingila tana can, shi yana nan. Duk duniya ba wanda ya san yana yi sai ni da kai. In ya mutu, a ƙofarmu ya mutu."

Malam ya sassauta maganar kafin ya juya ta, na gani a fuskarsa. Muhandis ya mayar da fuska bango.

Ran sha bakwai ya kasa tashi zaune sai da aka ɗaga shi. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Da magariba ta gabato na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a ƙofar ɗakinsa, na ajiye kofin kunu a tsakanina da shi. Igwa ta tashi. Malam ya miƙo mini dabino, na naɗe hannuna.

"Na rantse da Wanda ya halicce ni, ko ɗigon ruwa ba zai wuce maƙogwarona ba sai kunun nan ya wuce nasa. Faɗa masa."

"Kulu, kanki ɗaya kuwa? Rana ta faɗi. Wannan ba addini ba ne."

"Na riga na rantse."

"Sai a yi kaffara."

"Ba zan yi ba. Ka faɗa masa yadda na faɗa, kada ka rage ko kalma."

Daga baya mutane sun yi ta yabona, wai tausayi ne. Ni na san abin da ke cikina. Ba Muhandis nake gani ba, Baraka nake gani tana girma a gidan Khala ana nuna ta ana cewa 'yar wadda aka sare ce. Tsoro ne tsagwaronsa.

Bai sha ba. Na kwana a tabarmar, aka yi sahur ban yi ba, na wayi gari na ɗora wani azumin a kan na jiya. Ban taɓa sanin jikin mutum zai iya bushewa haka ba. Kafin azahar yawu ya ƙare mini, harshena ya manne a dasashi. Gumi ma ya daina zuwa. In na rufe ido sai in ga rijiyar ƙauyenmu, in ji ƙarar guga. Da na yi alwala na kurkure baki, sai da na yi kokawa da kaina kafin na tofar. Malam ya yi ta kai da kawowa tsakaninmu, ya roƙi wannan ya roƙi wancan, har muryarsa ta dushe. La'asar na tashi yin salla, ƙasa ta juya, na yi ta a zaune.

"Kulu," Muhandis ya kira daga kan gado, muryarsa can ƙasa. "Haram."

"Naka fa?" na ce.

Da igwa ta sake tashi, Malam ya sake ajiye sabon kunu. Na ji motsi. Mutumin nan ya sauko daga gado, ya rarrafo da gwiwa har bakin ƙofa, ya ɗauki kofin da hannu biyu, ya kurɓa. Sannan ya turo mini butar ruwa. Ina sha yana kuka kamar yaro, yana ta maimaita wata magana. Na tambayi Malam me yake cewa. Ya ce, "Wai ya bar ƙanensa shi kaɗai."

Ni kuwa daɗi ya cika ni, na ce mun tsira. A nan na yi kuskuren da har in mutu ba zan yafe wa kaina ba.

A garinmu wanda ya tashi daga ciwo ɗura ake masa. Ba a tambayarsa ko ya ƙoshi, ƙari ake yi, in ya ce ya isa mun san kunya ce. Haka uwata ta yi wa kowa, haka na gani na tashi. Kuma ina son ya murmure da wuri kafin wani daga kamfani ya leƙo ya ga yadda ya koma. Washegari na shiga kicin tun azahar. Shinkafa da naman rago, tuwo da miyar taushe, sambusa, ƙosai, ga subiya, abin shansu mai zaƙi, da Malam ya sayo, ga dabino. Muka zaunar da shi a tsakiya. Ya ci kaɗan ya ɗaga hannu.

"Kul, Muhandis, kul," na ce, wato ya ci, ina ƙara masa. Malam na tura masa tsoka. Shi kuma, don kada in sake shimfiɗa tabarma, ya yi ta ci. Kwana biyu muna haka.

Rana ta uku da hantsi na ga ƙafafunsa sun kumbura sun yi sulɓi. Azahar ya fara kirana da sunan matarsa. Ana kiran la'asar ya miƙe zai je banɗaki ya zube a tsakar ɗaki, hannayensa suka ƙandare, ƙirjinsa na bugawa har ana gani ta cikin riga. Muka yayyafa masa ruwa, muka yi ta kira, ko gezau. Garin neman gira mun rasa ido.

Malam ya tsaya ya dube shi, ya dube ni. Sai ya nufi waya.

Na riƙe masa riga. "Malam, in ka kira, mu fita kafin su zo. Mu bar musu ƙofa a buɗe."

"In sun zo wa zai gaya wa likita kwana nawa ya yi bai ci ba? Wa zai faɗi abin da muka ba shi? Shi ba ya magana, ke ba ki jin Turanci. In ba su sani ba, maganin wani ciwon za su yi masa ya mutu."

"Za su tambaye ka iƙama."

"Na sani." Ya zare hannuna daga rigarsa. "Ki bi ta ƙofar baya. Takalmin sallar Baraka na ƙarƙashin tabarma, kada ki manta da shi. Kada ki yi gudu a titi, tafiya za ki yi."

Na fita. Kwalta na ƙona ƙafata ta cikin silifa, ba kowa a titi sai ni da inuwata. Ban kai bakin babbar hanya ba na ji jiniya. Ban waiwaya ba, don ya ce kada in yi abin da za a lura da ni. A cikin motar haya igwa ta same ni, wata tsohuwa 'yar Yaman ta ba ni dabino biyu, na riƙe su a hannu har Nuzla ban iya kai su baki ba.

Sauran goman ƙarshe a ƙuryar ɗakin Khala na yi su. Duk takun da na ji a lungu sai in rungume Baraka in toshe mata baki. Direba ne ya kawo labari: Malam ya bi motar har asibiti, ya yi wa likitoci bayani tiryan-tiryan, yana gamawa askarawa suka tafi da shi. Suna tsare da shi sai an ga abin da zai faru da Baturen. Kwana shida rayuwar Malam na rataye da numfashin Muhandis. Na yi addu'a a kwanakin nan irin wadda ban taɓa yi wa wani mahaluki ba, kuma ga wanda ko salla ba ya yi. Ran na bakwai ya farka, ya ce musu ba wanda ya ba shi komai, shi ya yi wa kansa. Aka cire maganar sammu, saura ta takarda. Bayan salla da kwana kaɗan aka sa Malam a jirgi aka mayar da shi gida.

Muhandis ya zo Nuzla da kansa, yana dogara sanda, yara na binsa a baya. Ya zauna a tabarmar Khala, ɗanta ya yi mana tafinta. Ya ce likita ya gaya masa cikin da ya daɗe a rufe da cokali ake buɗe shi, kaɗan-kaɗan, abincin ne ya kusa kashe shi. Bai faɗa da zargi ba, amma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce ya bi ofis-ofis a kan Malam, ba wanda ya saurare shi. Sannan ya ce Faruku na da rai. Da ya suma, mahaifiyarsu ta sa hannu likitoci suka ciyar da shi. Ya farfaɗo, amma ya ƙi yi mata magana.

Shekara na zagayowa Muhandis ya koma ƙasarsu da adireshin kantin ɗan Khala a aljihu. Tun daga nan, duk zaɓen da aka yi a can sai ambulan ya iso, da takardar neman ƙuri'a a ciki. A haka na bi Faruku ban taɓa ganinsa ba. An sake shi bayan wasu shekaru, da tabarau mai kauri, don yunwar ta taɓa masa ido. Ya nemi kansila a garinsu ya faɗi, ya sake nema ya ci. Ya nemi babbar kujera ya sha ƙasa har sau biyu. Da aka yi sulhu aka kafa musu majalisa a arewar, ya shiga. Gashin nan na har kafaɗa ya koma saisaye, ya yi furfura, ya zube. Tumbi ya fito, har na ce wa Khala dubi mai yajin cin abinci. A wani hoton na ranar da ya ci zaɓe na ga wata 'yar tsohuwa a gefensa ya riƙe mata hannu, Muhandis ya zagaye ta da biro ya rubuta: mahaifiyarmu. Akwai shekarar da nasa mutanen suka juya masa baya, wai ya yi sanyi da yawa, ya rasa kujerar. Zaɓe na gaba ya ƙwato ta. Kuma kowace wasiƙa da tambaya ɗaya take ƙarewa: yaya Sale?

Malam ya aiko mini da kaset sau biyu ta hannun alhazai. A na biyun ya ce jirgin sama ya gagara, zai biyo ta Sudan, daga can su tsallako teku a ƙaramin jirgin ruwa, in sa ido kafin aikin hajji. Na sa ido. Cikin waɗanda suka taso tare ba wanda ya iso, ba kuma wanda ya koma gida. Na jira shekara huɗu, sannan malamai suka ce in yi takaba.

Wasiƙar Muhandis ta farko ina cikin jiran Malam ta same ni. Na je wajen wani malamin makaranta ɗan Kumasi mai rubuta wa mutane wasiƙa, na ce rubuta: Sale ya dawo tare da alhazai, yana lafiya, yana gaishe ka. Da Baraka ta girma ta koyi Turanci, ita ta gaji rubutun. A wasiƙun na sa Malam ya buɗe ɗan kanti. Na sa ya yi ciwon gwiwa, ya warke. Na sa ya aurar da 'yarsa.

Jiya bayan la'asar Baraka ta shigo da waya a hannu. Yanzu ba ambulan, murya ake turowa. Muhandis ya tsufa ƙwarai, maganar na fita da ƙyar. Ta fassara mini: Faruku ya ce ya gaji, ba zai sake tsayawa ba, wannan ce ta ƙarshe. Shi kuma Muhandis yana roƙon alfarma ɗaya, a sa Sale ya yi masa magana ko kalma biyu, yana son ya ji muryarsa.

Baraka ta ajiye wayar a cinyata. "Yumma, halas. Ila mata? Har yaushe za mu yi ta wannan? Ki bari in gaya masa gaskiya, haram alaiki."

Na ce, "Gaya masa Malam ya tafi i'itikafi Makka, ba ya riƙe waya."

"In salla ta wuce fa?"

"Allah Ya kai mu."

"Yumma, don me?"

"Ke ba ki san mutumin nan ba," na ce. "Ni na san shi. In ya ji, ba zai sake cin abinci ba."